Yaron da ke karatu a waya har asuba

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 17 da ke shirin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ya daina barcin kirki, abu kaɗan sai fushi, kina tambaya ko ki ƙwace wayar.

Ni dai ban ba ki shawarar ƙwacewa ba. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma darussa sai ƙara komawa intanet suke yi. In kin raba shi da wayar, a zauren jarrabawa zai ji jiki.

Daren nan shi ne matsalar. Datar dare ta fi arha, shi ya sa yara ke jira sai sha biyu su fara sauke darasi, daga nan a zarce TikTok, sai dai a ji kiran assalatu. Matashi kamarsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma hasken waya a ido yana kore barci. Ga kaɗaici: a aji akwai abokin da za a yi wa ƙorafi, a ɗaki kuwa daga shi sai tsoron faɗuwa. Ki saya masa datar rana in da hali, wayar ta riƙa kwana a ɗakinki bayan isha'i, ya samu abokan bita ido da ido.

Amma in ya kai mako biyu ba ya cin abinci, yana gudun mutane, ko ya ce ya gaji da rayuwa, kar a tsaya ga tofi kawai, a haɗa da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Allah ya ba shi lafiya.