Tun da na haihu, kuka nake yi

Tambaya: Anti, ni mace ce mai sha'awar maza da mata, kuma babu wanda ya sani, har mijina. Wata biyu ke nan da haihuwata. Jaririn lafiya lau, amma ni kullum cikin kuka, ko ya yi barci idona biyu. Sirrin nan ne ke cina?

Amsa: Ƙanwata, sannu da jego. Kukan kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Naki ya zarce, shi ya sa nake zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego na fama da irin wannan matsala. Sha'awarki ba ciwo ba ce, amma riƙe sirri ke kaɗai, ga rashin barci, ga sauyin sinadaran jiki, nauyi ne babba.

Ki ga likita cikin makon nan. Ki faɗa masa kukan da rashin barcin. Sirrinki kuwa naki ne, sai wanda kika amince da shi. Akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha. In tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, ki tafi asibiti a ranar.