Ana cin 'ya'yan fulam na daji kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a jihar Minesota ta Amurka. A gefen hanya akwai wasu gajerun itatuwa masu ƙaya da 'ya'ya jajaye ƙanana, maƙwabcina ya ce fulam (plum a Turance) ne na daji. Na ɗanɗana ɗaya, bauri ya ɗaure mini baki. Ana cinsu kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ana ci mana, ɗan'uwa, gaggawa ka yi. Yadda ka siffanta shi ya yi kama da itacen da masana tsirrai ke kira Prunus americana, ɗan asalin nahiyar Amurka ta Arewa, wanda masanin tsirrai Humphry Marshall ya ba wa wannan suna a 1785. Amma ka nuna wa wanda ya san itatuwan yankin ya tabbatar. Daga saiwa yake tofo, shi ya sa ba ka cika ganinsa shi kaɗai ba, sai a cunkushe. Fararen furanninsa kan riga ganye fitowa wajen Afrilu ko Mayu, 'ya'yan kuma su nuna daga Agusta zuwa Satumba.

Ja ba shi ne nuna ba. Ka jira sai ɗan ya yi laushi, har in ka girgiza reshe ya faɗo da kansa. A lokacin tsokar ciki, mai ruwan ɗorawa, ta yi zaƙi, baurin kuwa ya tattare a ɓawo. Sai ka matse tsokar a baki ka yar da ɓawon. Ka riƙa tsagawa kana dubawa, domin akwai wani ƙwaro da ke yin ƙwai a ciki, tsutsarsa ta zauna kusa da ƙwallon.

A ganina a tukunya ya fi nuna kansa. A tafasa da ɗan ruwa har ya fashe, a tace, a zuba sukari, a bar shi kan wuta ya yi kauri ya zama jam. In ka haɗa da 'yan kaɗan waɗanda ba su gama nuna ba, zai fi saurin kamawa. 'Yan asalin ƙasar, irin su ƙabilun Dakota da Omaha, a da shanya shi suke yi su adana don lokacin sanyi.

Kada dai ka fasa ƙwallon ka ci abin da ke ciki. Yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanaid a cikin jiki, haka ma ganyen. Na bakin babban titi kuma ka ƙyale shi, saboda hayaƙin motoci da feshin maganin ciyawa.