Amsa ga ɗan'uwanmu mai ɗakin garka: kada ka buga ƙusa tukuna

Wa alaikumus salam. Malam, da na karanta tambayarka wallahi sai da gabana ya faɗi, don hanyar da kake shirin bi na bi ta. Ka ce ka gama gini da rufin kwano a ɗan ɗakin da ka yi cikin itatuwan garkarka ta hanyar Kollo, saura filafon, wato rufin ciki na ƙarƙashin kwano, da ƙofofi da ƴan kantocin bango, kana so ka yi da hannunka, kuma kana tambaya wane katako za ka saya. To ni dai abin da zan fara ce maka, ba irin katakon ba ne zai fara ba ka ciwon kai, ruwan da ke cikinsa ne.

Kusan duk katakon da muke aiki da shi a Yamai daga kudu yake zuwa, Gana, Kodebuwa, Benin, Najeriya, daga dazuzzukan da iska ke ɗauke da laima kusan shekara duka. An yanke shi can, an ɗora a mota, ya iso nan ya tarar da hunturu. Dole ya tsotse, kuma a faɗinsa yake tsotsewa, tsawon kusan bai motsi. Shi ya sa za ka ga an jera katako baki da baki, bayan wata biyu yatsa na shiga tsakani.

Ni wani kafinta ne ya cuce ni, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi. Mutum ne da muke sahu ɗaya a masallaci, yana ce mini yaya. Na ba shi kafin alƙalami, na ce jan katako nake so, busasshe. Ya ce in kwantar da hankalina. Ya kawo kaya da yamma, rana ta kusa faɗuwa, duk an shafe su da wani ruwa ja. Washegari kafin in iso daga aiki har ya buge rabin filafon, ya rufe komai. Na yaba, na ƙara masa na goro ma. Bayan damina ta wuce, iska ta juyo, ƙofar ɗaki ta murɗe, in ka rufe sama ƙasa ta buɗe, ƙadangare na shiga yana fita abinsa. Wannan bai dame ni ba kamar ranar da na kai mahaifiyata ta huta can don ta gaji da hayaniyar gari. Tana kwance kan tabarma bayan azahar, wani gari mai laushi yana zubo mata daga sama. Na taka kujera na danna da ɗan yatsa, sai ga shi ya lotsa. Farin katako ne, Malam, wanda ake ce wa samba, ƙwaro ya cinye cikinsa ya bar ɓawo. Tsohuwa ba ta ce komai ba, ta naɗe tabarmarta ta koma gindin mangwaro. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Da na samu kafintan, ka san me ya ce? Wai ƙaddara ce, wai garkata ce ke da ƙwari. Ya daina ɗaukar wayata, amma in mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo hannu. Na bar shi da Allah, kuɗin kuwa ban sake ganinsu ba.

Don haka ka je da ƙafarka. Ka shiga kasuwar Katako da ƴar wuƙa a aljihu, ka ɗan kankare gefe ka ga ko jan ya shiga ciki ko a fata ya tsaya. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka sa ido ɗaya ka leƙa tsawonsa ko ya karkace. Mai ƴan ƙananan huda ka aje shi ko da kyauta ne. In ka kai garka kada ka jingina shi a bango, kada ka bar shi a rana. Ka shimfiɗa shi cikin ɗakin da za a yi aikin, nesa da ƙasa, ka sa ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka danne saman da bulo. Ka manta da shi makonni, in da hali har hunturu ya ratsa shi sosai.

Sai dai kuma a kula, abin na da baya. Katakon da ya bushe ƙarau a watan Maris zai kumbura a Agusta. In da rani kake aiki ka bar ƴar tazara, milimita 2 ko 3 tsakanin falle da falle, ka rufe ta da siririn katako daga baya. Ƙyaure ma ka rage masa kaɗan, in ba haka ba da damina sai da kafaɗa za ka buɗe shi. Kuma in za ka shafa masa fenti ko berni, wato man da ke sa katako ƙyalli, ka shafa har saman da ƙasan da ba a gani, ta nan laima ke shiga.

Filafon kuwa, fallen kontirfilake, wato siraran katako da aka manne juna, santimita 122 ne da 244. Ka tsara katakon da zai riƙe shi a kan tazarar 61, sai bakin kowane falle ya faɗo daidai kan katako, ba ka yi asarar yanka ba. In siriri ka saya, mai milimita 4, ka matse tazarar zuwa wajen santimita 40, don yana yin ciki. Daidaiton bango kada ka yarda da idonka ko da na magini. Siririn tiyo mai haske ka cika da ruwa, kai da yaro ku zaga kusurwa huɗu kuna sa alama. Ka bar ƴan kafofin iska tsakanin kwano da filafon, in ba haka ba a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ba mai iya zama ciki. Ka toshe su da raga, jemagu na son wurin, kuma warin kashinsu ba ya fita.

Gara ce kuma babbar maƙiyiyarka tunda cikin itatuwa kake. Kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan, dogaran ƙofa ma a ɗora su kan siminti. Kada ka rufe gindin bango da kanta, ka bar inda za ka riƙa ganin hanyar laka da take ginawa ka karya ta. Wasu za su ce ka shafe komai da baƙin man mota. A shinge ya yi, amma ɗakin kwana a'a, zafi na tasowa wari zai kore ka, ga haɗarin wuta.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ka sari itacen garkarka ka huta da saye. Malam, ka bi a hankali. Dokar daji ta 2004 tana nan, kuma irin su gawo ba a taɓa su haka kawai ko da a gonarka suke, ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji. Dogon yaro da turare in kai ka dasa sun yi sandunan rumfa, amma turare na tsagewa in yana bushewa, bai dace da ƙyaure ba. In ka samu azarar giginya ta wajen Gaya ta hanyar da ta dace, ita kam kakanninmu sun gwada ta, gara ba ta cika damunta ba. Ita da kirya sai ka fara huda su kafin ƙusa, in ba haka ba ƙusar lanƙwashewa za ta yi.

Ƙofar waje ni yanzu ta ƙarfe na sa, na huta, katako na bar wa ciki kawai. Ka turo mana hoton bangon da tsayin kwanon daga ƙasa, in ga ko akwai wurin da filafon zai zauna ba tare da ya danne muku kai ba. Allah ya sa a gama lafiya.