Vim mai sauƙi: amsar da na ba Bello

Bello, ka tambaye ni jiya muna rufe shago: "Maigida, tunda akwai hanyar da Vim zai yi aiki da maus kamar Notepad, don mi zan wahalar da kaina da haddace haruffa?" Zafin Sakkwato ya hana ni ba ka amsa a tsaye, ga ta yanzu.

Vim, wato shirin kwamfuta na rubutu da gyaran fayil, yana da wannan hanyar. A wurin buga umarni ka buga evim, wato Vim mai sauƙi, ko vim -y, taga za ta buɗe, ka fara rubutu kai tsaye. Ka danna inda kake so da maus, ka ja ka zaɓi layi, Ctrl-C ya kwafa, Ctrl-V ya liƙa, Ctrl-S ya adana, Ctrl-Z ya maido da abin da ka ɓata. Idan kwamfutar ta ce ba ta san evim ba, a tsarin Linux na Ubuntu sai ka saka kunshin vim-gtk3.

Amma ka fahimci abin da aka yi a ciki. Vim na asali yana da yanayi daban-daban. A yanayin umarni harafi ba rubutu ba ne, aiki ne: dd ya share layi, u ya maido, x ya cinye harafi ɗaya. Sai ka danna i sannan ka shiga yanayin rubutu, Esc ya fitar da kai. Ka taɓa zama wurin dukawa a kasuwa? Baduku yakan ajiye wuƙa kafin ya ɗauki basilla. Haka Bill Joy ya tsara vi, magabacin Vim, tun 1976, lokacin da kibod kaɗai ke gaban mai aiki, Bram Moolenaar kuma ya kwaikwaye shi ya gina Vim ya fitar a 1991. Shi evim ɗaure ka yake yi a yanayin rubutu, ya ɓoye maka wuƙar. Shi ya sa kake ta danna Esc babu abin da ke faruwa, har ka zaci kibod ɗin ne ya lalace.

Wuƙar tana nan dai. Ctrl-O yana ba ka umarni guda ɗaya, ka gama ya maido ka rubutu. Ctrl-O sannan dd, layi ya tafi. Ctrl-O sannan :wq da Enter, ka adana ka fita. Ctrl-L kuma yana kai ka yanayin umarni ka zauna can, har sai ka danna Esc. Wanga Ctrl-O shi ne abin da ya fi burge ni a duk tsarin, don da shi za ka riƙa ɗanɗana umarni ɗaya-ɗaya ba tare da ka ɓace ba.

Ban hana ka ba. Idan wasiƙa ce ko lissafin kayan da muka sayo, yi da evim abinka. Inda nake jiye maka shi ne ranar da zan aike ka gyaran sabar wani ofis, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Ka shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, baƙin allo ne kawai, babu taga, babu menu, wani lokaci ma vi tsirara za ka tarar. Ni ya taɓa faruwa da ni a wani ofis wajen Gawon Nama ina sabon shiga: na buɗe fayil ɗin saiti, na kasa fita, mai ofis na tsaye a kaina, har na kashe injin gaba ɗaya. Da na san Esc da :q!, umarnin fita ba tare da adanawa ba, da ban yi wannan abin kunyar ba.

Idan maus ɗin ne kawai ke ranka, ba sai ka bar Vim na asali ba. Ka sa set mouse=a a cikin .vimrc, fayil ɗin saitin Vim, za ka danna ka zaɓa, yanayin kuma yana nan yadda yake.

Gobe bayan Azahar, idan kwastomomi sun lafa, ka buga vimtutor, darasin koyon Vim, a tsohuwar kwamfutar nan ta kusa da ƙofa. Kamar rabin awa yake ci. Ka gama darasi na farko ka kira ni, in ba ka fayil ka gyara ina kallo.