Tunda ya yi zazzaɓi ya ƙi kama nono

Tambaya: Salam Anti. Yarona watansa bakwai, satin da ya wuce ya yi zazzaɓi da gudawa, ya warke alhamdulillah amma ya ƙi nono, ina saka masa sai ya kau da kai yana kuka, har madarar gwangwani na siyo ita ma ya ƙi. Surukata ta ce in ba shi jiƙo. Maman yaro, Agege.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Fara leƙa bakinsa tukuna, in kin ga fari-fari kamar kindirmo manne a harshe ko cikin kumatu wanda baya gogewa, to zafi yake ji, asibiti za su ba ki magani. Hanci ma in ya toshe yaro baya iya tsotso. Ki tatsa nonon a kofi mai tsafta ki dinga ba shi da cokali kaɗan kaɗan, tatsar ce ma za ta hana nonon ƙafewa, sannan ki gwada shi yana cikin magagin barci, sun fi kamawa. Tunda ya wuce wata 6 ki haɗa da kunu mai kauri.

Jiƙo kam a haƙura, ki lallaɓa Mama. In fitsarinsa ya ragu ko idonsa ya faɗa, kar ki jira go-slow ya ragu, ku tafi asibiti.