Amsa ga mai son zuwa Zanzibar ya ƙarasa littafinsa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce littafinka ya tsaya a babi na 14 tun bara, gida ba a samun shiru, ka kwashi adashe kana so ka tafi Zanzibar wata biyu ka ƙarasa shi. Kana tambaya ko da gaske zaman tsibiri yana buɗe wa marubuci kai, kuma su wane ne suka yi rubutu a can. Wallahi kamar cikina ka shiga. Ni nawa a babi na 9 ya maƙale, kuma ba adashe na kwasa ba, ɗan filin da na gada na sayar.

Bari in fara da abin da har yau yake ci mini rai. Wani dillali na samu ta WhatsApp, ya turo mini hotunan ɗaki a tsohon gari, wanda su suke kira Mji Mkongwe. Taga tana kallon teku, ga teburin katako, ga labule fari. Na tura masa kuɗin wata guda ban ko nemi ragi ba. Da na sauka daga jirgin ruwan Dar es Salaam, tafiyar wajen awa biyu da ta juya mini hanji, sai ya ja ni lungu-lungu zuwa wani tsohon bene, ya hau da ni can ƙoli. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo, in ka miƙa hannu ka taɓa shi. Na ce ina tekun? Ya ce wancan ɗakin akwai baƙo, "kesho" za a mayar da ni, wato gobe. Goben nan har na baro garin ba ta waye ba.

Abin da bai gaya mini ba, ni ma wautata ta hana ni bincike, shi ne Afrilu tsakiyar damina ce a can. Masika suke ce mata, daga Maris zuwa Mayu. Shi ya sa komai ya yi arha, ni kuwa ina murna na yi tsintuwa. Rana ta 11 na fita sallar isha'i, na tsaya shan gahawa wajen wasu dattawa, ruwa ya kece. Na ce bari ya tsagaita. Ko da na koma, rufin ya yoyo daidai saitin tebur, kamar an auna. Kwamfutata a buɗe na bar ta. Littafin da nake zayyana tsarin labarin a ciki ya jiƙe, tawada ta bi takarda ta zama shuni. Babi huɗu na rubuta a kwanakin nan, rabon da hannuna ya yi gudu haka tun ina saurayi, kuma ban ajiye su ko'ina ba saboda ina tattalin data. Mai gyara a kusa da kasuwar Darajani ya kwana biyu a kanta, ya miƙo mini ita yana girgiza kai.

Na kira dillalin. Ka san abin da ya ce? Wai ni na bar taga a buɗe. Tagar da ko iska ba ta shigowa! Yana maganar yana kirana "ndugu", wai ɗan'uwa, shi ne ma ya fi ƙona mini rai. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Bayan mako guda na hango shi a Forodhani, dandalin masu sayar da abinci a bakin teku, da daddare, yana gaba wasu Turawa biyu suna biye, yana nuna musu kifin gashi yana dariya. Muka haɗa ido ya kau da kai. Na tsaya da kwanon urojo, wani romonsu, a hannu, na rasa abin yi, ga shi ba yarensu nake ji ba balle in tara masa jama'a. Na bar shi da Allah, amma ba zan ɓoye maka ba, ban yafe ba tukuna. Sau nawa na sake rubuta babi huɗun nan, ba su taɓa dawowa yadda suke ba.

To, marubutan da ka tambaya. Bayan kwamfuta ta mutu ba ni da aiki sai yawo da tambaya, a nan na gane wani abu da ya sanyaya mini jiki. Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, a Zanzibar aka haife shi a 1948. Amma ya bar tsibirin yana ɗan shekara 18, bayan juyin juya halin 1964, ya tafi Ingila gudun hijira, bai sami komawa ba sai 1984, ya ga mahaifinsa gab da rasuwarsa. A can cikin sanyin Ingila ya fara rubutu, kewar gida tana cinsa. Kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba, a 1980 ya zo ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano. Ka ji fa. Shi ya baro teku ya zo ya sha ƙurar hunturunmu, ni na sayar da fili na bi teku neman abin da zan rubuta.

Haka Sayyida Salme, 'yar Sarki Sa'id bin Sultan. Ita a ɓoye ta koya wa kanta rubutu, tana kwaikwayon haruffan Alƙur'ani a kan ƙashin kafaɗar raƙumi, kamar yadda muke yi a allo. Ta gudu daga tsibirin a 1866, ta auri wani ɗan kasuwa Bajamushe, ta koma Emily Ruete. Labarin rayuwarta a fada da Jamusanci ta rubuta shi, ya fito a 1886, shekara 20 bayan barinta gida. Wanda ya zauna daram ya yi rubutu shi ne Muhammed Said Abdulla, mai labaran gwanin binciken laifi Bwana Msa da Swahili, wanda littafinsa na farko ya fito a 1960. Shi kuwa ba hutu ya je ba, garinsu ne, ya yi aikin duba-gari da aikin jarida, ya san kowane lungu da mai shi.

Ban ce kada ka je ba. Ka je in kana da hali, garin Musulmi ne, ba za ka sha wahalar abinci ko masallaci ba, kuma ƙamshin kanumfari a kasuwa kaɗai ya isa ya ba ka shafi biyu. Amma kada ka biya kowa sisi sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ɗaga kai ka dubi rufi. Ka kama masauki na kwana uku tukuna. Daga Yuni zuwa Oktoba ba ruwa sosai, sai dai farashi ya hau. Biza ka fara nema da wuri. Nungwi, garin shaƙatawa da ke arewacin tsibirin, kiɗa ne har dare, ba wurin mai rubutu ba ne. Ni ƙauyen Jambiani na gudu a makon ƙarshe, a daladala, motar hayarsu, inda teku ke janyewa nesa da safe mata su shiga gonar ciyawar ruwa. Can ne kaɗai na yi barci mai daɗi.

Don Allah duk dare ka tura wa kanka abin da ka rubuta ta imel, ko sakin layi ɗaya ne. Kuma ka yi shawara da maiɗakinka da gaske, ba sanarwa ba. Tawa ba ta ce uffan ba da na dawo hannu rabbana, amma har yau in an yi zancen fili sai ta tashi ta shiga kicin.

Wata biyu ma ya yi yawa a ganina. Mako biyu ka yi, ka tafi da biro da littafi, ka cika shi da abin da ido ya gani, sauran kuɗin ka riƙe. Nawa littafin a shagon ƙanena na ƙarasa shi, bayan asuba kafin ya buɗe, tsakanin buhunan shinkafa, wata bakwai ina yi. Teku ya shiga babi uku a ciki, dillalin ma ya shiga, na sa masa ciwon haƙori.

Wai me ya tsayar da kai a babi na 14 ɗin? Turo mini shi da na 13 in duba, ranar Asabar ba na zuwa ko'ina.