Tambayi Likita: Annoba ba ta lafa ba, an ce mu koma makaranta

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce, 'yan aji uku nake koyarwa, kuma ina da yara uku, babbar tana sakandare. Mako biyar ke nan da rufe makarantun gwamnati a birninmu saboda korona ta sake tasowa. Yanzu magajin gari ya ce ranar Litinin ta sama za a koma, alhali kullum labarin da muke ji shi ne asibiti ya cika. Abin da ya fi ɗaure min kai, wuraren taro da gidajen cin abinci ko kwana ɗaya ba a rufe su ba. An dai zo an yi wa azuzuwanmu feshi, an ajiye bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Wannan ya isa? Ko da mu da yaran za a yi gwaji?

Daga wata malama

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Daga inda kanki ya ɗaure zan fara, don ni ma nawa ya sha ɗaurewa a wurin. Birnin da ya kulle aji ya bar zauren taro a buɗe, ba da lafiyar jama'a ya yi lissafi ba, da wanda ya fi iya ƙorafi ya yi. Mai gidan abinci yana da ƙungiya, yana biyan haraji, ya san hanyar ofishin magajin gari. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da ko ɗaya.

Ba garinku kaɗai ba ne. A birnin New York na Amurka, magajin gari na wancan lokacin, Bill de Blasio, ya yi alkawarin cewa da zarar waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar sun kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka gwada, zai rufe makarantu. Adadin ya kai, ranar 19 ga Nuwamban 2020 aka kulle, a birnin da ɗalibansa suka kai wajen miliyan ɗaya. A lokacin kuwa gwajin da ake yi a cikin makarantun kansu bai nuna ko kashi 1 cikin 100 ba, kuma mutane na nan zaune a cikin gidajen abinci har tsakiyar Disamba. Iyaye suka yi ca. Ko mako uku ba a cika ba, ranar 7 ga Disamba, aka mai da 'yan firamare aji, aka jingine maganar kashi ukun, aka koma gwada ɗalibai da malamai kowane mako. A watan Nuwamban 2020 ɗin dai, Faransa da Jamus akasin haka suka yi: suka rufe mashaya da gidajen abinci, yara suka ci gaba da zuwa makaranta. Jamus daga baya ta rufe a tsakiyar Disamba da abin ya ta'azzara, amma ki lura da wanda aka fara rufewa da wanda aka bari sai ƙarshe.

Saboda haka kada tambayarki ga hukuma ta tsaya a kan "an buɗe ko ba a buɗe ba". Ki tambaya me aka rage a gari domin makaranta ta samu sarari. Cutar nan daga gida da wuraren taron manya take bin yaro zuwa aji, fiye da yadda take fitowa daga aji zuwa gida, musamman ga ƙananan yara.

Game da cikar asibiti kuma, ga abin da ba a cika bayyana wa mutane ba. Wanda kika ga an kwantar yau, mako ɗaya ko biyu da suka wuce ya kamu, mace-mace kuma sun fi haka jinkiri. Asibiti labarin jiya yake bayarwa. Yana iya zama cike maƙil alhali cutar ta fara ja da baya a gari, yana kuma iya zama da sauran gadaje alhali wuta ta riga ta kama. Abin da mu ma'aikatan lafiya muke kallo shi ne: sabbin masu kamuwa ƙaruwa suke ko raguwa, kuma cikin kwana nawa suke ninkawa? Akwai iskar oksijin? Ma'aikatan jinya nawa ne su ma suka kwanta? Gado ba ya jinyar kowa in babu mai tsayawa a kansa. In magajin garinku yana da waɗannan alƙaluma, ya fito da su jama'a su gani. In kuwa ranar Litinin ɗin nan don an gaji ne kawai aka sa ta, kina da haƙƙin yin tsaye.

Yanzu feshi. Malama, an bar jaki ne ana dukan taiki. Korona a iska take tafiya, cikin numfashin da mai ɗauke da ita yake fitarwa in yana magana, ko waƙa, ko tari. A Afrilun 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta fito ta ce haɗarin kamuwa ta hanyar taɓa tebur ko mariƙin ƙofa ƙanƙani ne ƙwarai. Bangon da aka fesa ranar Asabar ba abin da zai yi wa yara arba'in da za su cika ɗakin da numfashi ranar Litinin. Bokitin wanke hannu ki riƙe shi, yana maganin gudawa da mura, amma ba shi ne garkuwarki a nan ba.

Abin da ya faru a birnin Kudus ya ishe mu misali. Isra'ila ta buɗe dukkan makarantunta ranar 17 ga Mayun 2020. Bayan kwana biyu aka shiga matsanancin zafi, sai hukuma ta ce yara su huta da takunkumi na kwana uku. A wata sakandare, ɗalibai 35 zuwa 38 ne a kowane aji, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki babu ƙaƙƙautawa. Da aka gwada makarantar, ɗalibai 153 da ma'aikata 25 sun kamu. Denmak kuwa wata guda ta riga su buɗewa, tun 15 ga Afrilu, amma ƙananan yara kaɗai ta fara mayarwa, aka raba su ƙungiya-ƙungiya, darasi da yawa a fili aka yi shi, kuma ba ta ga tashin da aka ji tsoro ba.

Na taɓa shiga wani aji da 'yar na'urar nan mai auna iskar kabon da muke fitarwa in mun yi numfashi. A fili takan nuna ɗari huɗu da 'yan kai. In ta tsaya ƙasa da 800, iskar ɗaki na canzawa yadda ake so. In ta haura 1,500, ɗakin ya toshe. Na ajiye ta a kan teburin malamin, kafin a tashi tara ta wuce dubu biyu. Na duba tagogin, huɗu ne, uku an buga musu ƙusa tun wata sata da aka yi shekarun baya, ta huɗun kuma an jingina mata kabad ɗin littattafai. Wani yaro a layin baya ya ce min kullum da hantsi kansa ciwo yake. Muka aika aka aro guduma a wurin maigadi, aka zare ƙusoshin, aka tura kabad gefe, aka tokare ƙofa da dutse. Malamin yana ta kallon lambar tana sauka kamar mai kallon siddabaru. Makarantar nan an yi mata feshi sau uku a zangon, ba wanda ya ɗaga kai ya kalli taga.

Ingila ta raba wa makarantunta irin wannan na'ura wajen 300,000 daga Satumban 2021. In ba ku da ita ba komai, hanci ma ma'auni ne. Ki fita waje minti biyu ki dawo. In kika ji ɗakin ya yi nauyi, iska ba ta wucewa. Taga ɗaya ba ta isa ba, sai an samu ta wani ɓangaren ko ƙofa, yadda iska za ta shiga nan ta fita can. Fanka a rufaffen ɗaki juya numfashin kawai take yi. Duk darasin da zai yiwu a inuwa, ki fitar da su, musamman karatun da ake yi da ƙarfi baki ɗaya. Sai kuma ɗakin malamai, wanda kowa ke mantawa da shi. A nan ne manya ke cire takunkumi su zauna hira, kuma a nan na fi ji miki tsoro fiye da gaban allo.

Zan gaya miki gaskiya inda na karkata: ina goyon bayan a koma, 'yan firamare su fara. Rufewar ma tana da nata mamatan, sai dai ba a karanta sunayensu a labarai. Yuganda ta yi kusan shekara biyu makarantu a kulle, sai 10 ga Janairun 2022 aka buɗe gaba ɗaya, yara da yawa sun riga sun kama aiki ko an aurar da su. A Saliyo, lokacin Ebola, bayan watannin da aka yi a gida 'yan mata da dama ba su koma ba saboda ciki. Ke da kike koyar da aji uku kin fi ni sanin abin da mako biyar ke yi wa yaron da bai gama haɗa baƙi ba.

Ba na ce kada a taɓa rufewa ba. In asibiti ya kai ga mayar da marasa lafiya gida, ko malamai suka kwanta har babu mai tsayawa a aji, a rufe. Amma a fara da manyan ɗalibai, don su suka fi kama da manya wajen yaɗa ta, a kuma faɗi ranar dawowa tun ranar rufewa. Ke kuma ki cika allurarki ta rigakafi kafin Litinin in ba ki cika ba, ki nemi takunkumi mai kama fuska sosai. In kina da ciwon suga, hawan jini ko juna biyu, ki ga likitanki, ki kai wa shugaban makaranta takarda.

TAMBAYA

Likita, ni shugaban makaranta ne. In aka samu yaro ɗaya ya kamu, ajin zan sallama ko makarantar gaba ɗaya? Iyaye sun matsa min.

Daga wani hedimasta

AMSA

Ranka ya daɗe, yaro ɗaya ba ya rufe makaranta. Shi ya zauna a gida iya kwanakin da hukumar lafiyarku ta ƙayyade, a gwada waɗanda suke zama kusa da shi. A 2021 an yi bincike a makarantun sakandare wajen 200 a Ingila: a wasu aka killace duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar, a wasu kuma aka bar su a aji ana gwada su kullum. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, kuma cikin abokan zaman nan waɗanda suka kamu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wato ana kora yara hamsin gida saboda guda ɗaya. In babu kayan gwaji, a sa ido a kan zazzaɓi da tari, a riƙe rajistar waɗanda ba su zo ba da dalilinsu. Yara uku ko huɗu a aji guda cikin 'yan kwanaki, wannan kam ka sanar da jami'an lafiya, a sallami ajin. Ka kuma daina ba da kyautar "bai taɓa fashi ba" a bana, don ita ke sa uwa ta ɗura wa yaro maganin zazzaɓi ta turo maka shi. Iyaye kuwa ka rubuta musu ƙa'idar tun kafin abin ya faru. Wanda ya san abin da za a yi ba ya cika yin rigima.

TAMBAYA

Likita, ɗana shekararsa huɗu, an ce sai da takunkumi zai shiga aji. Kuma mahaifiyata tana tare da mu, ta haura saba'in.

Daga wani uba

AMSA

Malam, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar tun Agustan 2020 ita ce kada a tilasta wa yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa sa takunkumi. Daga shekara 12 ne ake bi da su kamar manya. Ka nuna wa makarantar wannan cikin lalama. Hankalinka ya fi kamata ya koma kan Mama, Allah ya ƙara mata lafiya. A tabbatar ta karɓi allurarta har da ta ƙari. Ranar da yaron ya dawo da mura ko zazzaɓi, kada ya kwana a ɗakinta, ko da za ta yi fushi, kuma na san za ta yi. Su gaisa a tsakar gida. Ita kuma in ta fara tari ko kasala, kada a jira numfashi ya sarƙe, a kai ta a gwada a ranar.